Wuri na gugar wuri: daga ina wannan magana ta fito?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, kullum nakan ji 'yan jarida suna cewa an kashe kuɗi wuri na gugar wuri har naira miliyan kaza. Wane wuri ne ke gugar wani wuri?"

Ɗan'uwa, ba wurin zama ake nufi ba, ba kuma "da wuri" na sammako ba. Rubutun boko ne ya haɗa su, amma a baki karin sautinsu daban ne. Wurin da ake magana a nan shi ne ɗan farin ƙoƙon dodon koɗin teku, mai tsaga a ciki, wanda yau sai a jikin kayan ado ko a faifan 'yan bori da masu duba ake ganinsa. Shi ne tilo, jam'insa kuwa kuɗi. Wato kalmar da muke kiran naira da sefa da ita yau, asalinta sunan tarin waɗannan 'yan ƙoƙuna ne. In an zube su a tabarma ana ƙirgawa, ɗaya na gogar ɗaya yana ƙara. Wanda ya ce wuri na gugar wuri, cewa yake tsaba ce a ƙasa, ba bashi ba, ba alkawari ba.

Abin mamakin shi ne ƙasar Hausa ba ta da teku. Tun farko, wurin da kakanninmu suka kashe daga tsibiran Maldif ya fito, can cikin Tekun Indiya. Mutanen tsibiran kan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su manne, a janyo a shanya a rairayi har naman ya ruɓe, ƙoƙon ya saura. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya zauna a tsibiran, daga baya ya zo Mali a 1352. Ya ce a Maldif ana ba da wuri 400,000 a dinari guda, a Mali da Gawo kuwa ya tarar 1,150 ne a dinari. Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan tazara ya san akwai ci.

A zamaninsa ta Masar da Sahara wurin ke ratsowa a bayan raƙumi, kaɗan-kaɗan. Da matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Basko da Gama, ya kewaya ƙasan Afirka ya isa Kalikut ta Indiya a 1498, sai hanya ta sauya. 'Yan Fotugal suka fara lodinsa a jirgin ruwa, sannan manyan kamfanonin cinikin gabas suka karɓe, na Ingila da aka kafa a 1600 da na Holan a 1602. A gindin jirgi suke zuba shi don ya danne jirgin kada iska ta kifar da shi, kayan yaji da yadi a sama. A Amsadam da Landan a yi gwanjonsa, masu jiragen cinikin bayi su saya su kai gaɓar Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, da Ikko. Ba daɗin faɗa, amma haka ne: da yawan wurin nan kuɗin kan mutane ne. Daga gaɓa fatake suka hauro da shi ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa.

Ƙirga shi kuwa aiki ne ja, shi ya sa ya bar mana kalmomi. Zangu wuri 100 ne. Zambar dubu ce, har yau tsofaffi kan ce zambar goma. Keso, wadda muka sani da tsohuwar tabarma, ita ce kuma ƙunshin wuri 20,000, kayan da ƙato ɗaya zai ɗauka yana nishi. Abin da ya kashe wuri yawa ne. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka riƙa kwaso wani irin wuri mai araha daga Zanzibar suna jibgewa a Ikko, darajarsa ta zube, har ya kai ladan ɗan dako a doguwar tafiya na neman cinye kayan da ya ɗauko.

Akwai masu cewa kalmar kuɗi kanta daga "kauri" ta harshen Hindi na Indiya ta samo asali, don ita ce sunan wuri a can. Kamar ta yi kama, amma ni ba na saurin ɗaura auren kalmomi don kawai sun yi kama a kunne.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaya ko dala ta kuɗi tana da dangantaka da Dutsen Dala na Kano. Babu, Hajiya. Dalar kuɗi 'yar'uwar dalar Amurka ce, dukansu daga "tala" ta Jamusawa. A nan an fi sanin azurfar nan mai kan Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar rasuwarta, 1780. Da matafiyi Bajamushe Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin guda a wuri 2,500. Da Turawan mulki suka kawo nasu kuɗin, sunan ya koma kan sule biyu.

Sai wanda ya ce kanumfari ai kalmar Hausa ce tsantsa. A'a, ƙaranful ce ta Larabci, harshenmu ya lanƙwasa ta. Itacen kansa asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunisiya, inda kamfanin Holan ya tsare nomansa a yankin Ambon, yana sare bishiyoyin sauran tsibirai don kada farashi ya faɗi. Sai a ƙarni na 19 ya yi gida a Zanzibar da Pemba ƙarƙashin Larabawan Oman. Da ta hannun Turawan gaɓa muka fara saninsa, da wani suna daban muke kiransa a gaban mai kayan ƙamshi.