Bin Juma'ar Makka ta talabijin a lokacin kullen korona na shekarar 2020

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun da aka sa dokar kulle a Kano saboda korona, maigidana yake tara mu a falo ranar Juma'a, ya kamo tashar Harami, mu saurari huɗuba, in liman ya kabbarta mu bi shi raka'a biyu. Juma'a uku ke nan, kuma ba ma yin azahar bayanta. Zuciyata ba ta natsu ba, amma ina jin nauyin yi masa magana. Sallarmu ta yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, rashin natsuwar nan taki tana kan hanya. Inda hankalina ya tsaya shi ne cewarki ba kwa yin azahar. Da kuna yi, da gyaran kaɗan ne. Tunda ba ku yi ba, akwai bashin azahar uku a wuyan kowane baligi a cikinku, raka'a hurhuɗu. Ku rama yau.

Barin masallaci saboda annoba uzuri ne. Ibn Abbas ya sa ladani ya ce a yi salla a gida ranar Juma'a saboda ruwa da taɓo, balle cuta mai yaɗuwa. Wanda Juma'a ta faɗi a kansa, azahar yake yi.

Na san ana yawo a WhatsApp da fatawar halascin bin liman ta na'ura. Ra'ayin daɗaɗɗe ne, malamin Maroko Ahmad al-Gumari ya rubuta littafi a kan bin Juma'a ta rediyo, amma jamhurin malamai ba su karɓa ba. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce koyi yana tabbata da jin muryar liman, kamar yadda ake bin mai jiyarwa a babban masallaci. To, mai jiyarwa yana cikin sahu, wuri ɗaya ya haɗa shi da liman da mamu. Imamu Malik, wanda ya sassauta wa gidajen da ke jikin masallaci su bi liman a salloli biyar, shi da kansa ya hana hakan a Juma'a. Ina ga gidan da Bahar Maliya ta raba shi da limamin? Sunanta Juma'a ne saboda taruwa, kuma Allah cewa ya yi a tafi zuwa ambatonsa. In aka buɗe wannan ƙofa, liman ɗaya ya ishi duniya, masallatai su zama kufai. Ga kuma ɗaukewar wuta: in ta tafi liman yana ruku'u, wa kuke bi?

Taku ma ta fi haka. Makka tana gabanmu da awa 2. Lokacin da ake Juma'a a Harami, a Kano hantsi ne, rana ba ta yi zawali ba. Haka tarawihinsu, sukan fara mu isha'i ba ta shiga ba. Kada ku bi shi ma.

Maigida ya yi muku limancin azahar raka'a huɗu, ba huɗuba. In ɗa namiji ɗaya ne, ya tsaya a damansa, ke da 'yan mata a baya. A tarawihi yana iya duba Alƙur'ani in haddarsa kaɗan ce. Bawan Nana A'isha, Zakwanu, haka yake yi mata limanci. Kada dai a kira maƙwabta zaure, don abin da aka gudar wa a masallaci ke nan.

Mutumin da ya saba da sahun gaba aka tsare shi a ɗaki, kewar masallaci ce ta kai shi ga wannan, kuma ina fatan ladan Juma'arsa yana nan yadda ya saba. Saboda haka kada ki gyara masa a gaban yara. Ki bari sai bayan shan ruwa, ku biyu, ki nuna masa amsar nan. Ki kuma tuna masa da maƙwabcin da sai ya fita yake samun na tuwo, a miƙa masa ko da kwanon gero ne ta katanga.

Wallahu a'alam.