Mako uku ba ya kai kyanwa Faransa

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni zancen matar nan da ta zo da kyanwarta cikin kwali. Mijinta ya samu aiki a Faransa, saura mako uku su tashi, kake cewa ko mu yi wa kyanwar allura, mu buga hatimi a karne, wato littafin allurarta, ta tafi da abarta. Na ce ka bari sai da safe, don ba maganar tsaye ba ce. To, ba zai yiwu ba. Wata huɗu ake bukata, shi ma in komai ya tafi daidai.

Abin da Turawa ke tsoro ciwon haukan kare ne, kuma Nijar ba ta cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ta sassauta wa. Saboda haka aikin yana da jeri, ba a tsallake ko ɗaya, ba a kuma sa na baya a gaba.

Da farko ƙwayar shaida, 'yar na'urar nan mai kamar ƙwayar shinkafa da muke turawa ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambobi 15 a jere. Ita ce sunan dabbar a wurinsu. Bayan ta shiga, ka karanta lambar ka rubuta, sannan ka ɗauko allurar haukan kare. In ka yi allura kafin ƙwaya, a idonsu ba a yi allurar ba. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Wani baƙo ya kawo mini karen Azawak, dogo siriri, na yi masa allura, sai bayan mako biyu ƙwayar ta iso daga Yamai na sa masa. Da aka duba ranakun aka ce a sake daga farko. Mutumin ya tafi, ya bar karen wurin maigadi. Duk sanda na bi ta layin sai in tarar da shi kwance bakin ƙofa, ya ɗora haɓa kan ƙafafu, yana kallon hanya. Har yau abin yana cina.

Ba a yi wa dabba wannan allura sai ta cika mako 12 da haihuwa. Daga ranar allura ka ƙirga kwana 30, ka ɗebi jini, ka tace ruwansa, a aika ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi, irin na garin Nansi a Faransa. Can za a auna ƙarfin garkuwar da allurar ta ba ta, dole sakamako ya kai 0.5 ko ya wuce. Ka san halin wutarmu a Damagaram, don haka ruwan jinin nan kada ya rabu da ƙanƙara tun daga hannunka har ya bar ƙasa. Daga ranar ɗibar jinin kuma sai a jira wata uku cur. Nan ne masu dabba ke fara roƙo, wani har ya zura hannu aljihu ya ce a ja kwanan wata baya. Kada ka yarda, ko nawa ne. In aka gano, dabbar ce za ta sha wuya: a maido ta, ko a killace ta da kuɗin mai ita, wani lokaci ma a kashe ta. Kuma in tana ɗauke da ciwon ta ciji ɗan wani, alhakin yana wuyanka.

Takardar lafiya ita ce ta ƙarshe, likitan dabbobi na gwamnati ke sa mata hannu, kwana 10 kawai take yi kafin a isa can. Amurka nata tsarin daban ne: tun 1 ga Agustan 2024 kare ba ya shiga sai ya cika wata shida.

Sai akwatin tafiya. Ya zama dabba tana iya miƙewa tsaye kanta bai taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta. A saya tun da wuri, a ajiye shi buɗe a tsakar gida, a riƙa sa mata abinci ciki, a shimfiɗa tsohon zanen uwargida don ta ji ƙanshin gida. Maganin barci kuwa kada ka bayar, ko an nema. A cikin jirgi yana sa bugun jininta ya yi ƙasa fiye da kima, ba kuma mai lura da ita. Ka tuna kafin jirgi akwai hanyar Yamai, kusan kilomita 900, ta Maraɗi da Ƙonni da Dosso. A zafin Afrilu wannan hanyar ta fi jirgin haɗari. A tashi da asuba, akwati a cikin mota kusa da mutane, ba cikin but ba, da ruwa a kowane zango.

In matar ta dawo anjima, ka ba ta kujera ka kira ni. Za mu sa ƙwayar mu yi allurar yau, ta nemi 'yar'uwar da za ta riƙe mata kyanwar, in wata huɗu ya cika a bi ta da ita. Ɗauko na'urar karanta lamba ka duba ko batirinta na da rai.