Wai tsohon janar zai iya sake cin zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya?

Tambaya: Malam, a majalisarmu wasu na cewa sai tsohon soja ne zai iya da matsalar tsaron nan. Doka ta yarda ya tsaya, kuma zai kai labari kuwa?

Amsa: Doka kam ba ta hana ba. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 abin da ya nema shi ne haifaffen ɗan ƙasa, shekara 35, karatun da ya kai matakin sakandare ko kwatankwacinsa, sannan jam'iyya ta tsayar da shi. In yana cikin kaki dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Mulkin da ya yi da bindiga ma ba a lissafa shi cikin zango biyun da doka ta iyakance wa shugaban ƙasa, shi ya sa Obasanjo da marigayi Buhari kowa ya dawo ya yi shekara takwas.

Amma fa ba kakin ne ya ba su ba. Obasanjo daga kurkukun Abacha ya fito a 1998, manyan sojoji da 'yan siyasar Arewa suka tallafe shi don a lallashi Yarbawa kan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, ga kuma shaidar da aka yi masa ta miƙa wa Shagari mulki a 1979. Buhari kuwa sau uku yana shan kaye, 2003, 2007, 2011, duk da ƙuri'un talakawan Arewa, sai da CPC ɗinsa ta haɗe da ACN ta su Tinubu aka yi APC sannan ya haye a 2015. Janar Babangida (IBB) da duk kuɗinsa da jama'arsa ya nema, a 2010 kwamitin Adamu Ciroma mai fitar da ɗan takara ɗaya daga Arewa a PDP ya ajiye shi ya ɗauki Atiku. Manjo Al-Mustapha ma ai ya tsaya a 2023, wa ya ji ɗuriyarsa?

Ni a ganina wancan zamanin ya wuce. Janarorin da ke ritaya yanzu ba su taɓa mulki ba, talaka bai ma san sunan yawancinsu ba, kuma daliget ba ya jin oda, gwamna da kuɗi yake bi. Batun tsaro kuma ku tambayi mutanen Zamfara da Katsina, ƙarƙashin Janar Buhari aka yi ta sace su, har ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin shi kansa yana Daura.