Re: Na sayi firijin giya na hannu, kumfa kawai yake zubowa

Ɗan'uwa, ka ce ka saye shi a hannun wani a Amurka, ka jona komai amma da ka buɗe famfo sai kumfa zalla. Kar ka damu, nawa ma haka ya yi min.

Fara da tiyon da giyar ke bi daga durom zuwa famfo tukuna. Cire shi ka jefar, kar ma ka tsaya wankewa, ni da na yanka nawa na leƙa ciki wani baƙin datti ne ya kama jikinsa kamar cikin tsohuwar randa, ga tsami. Ka sa sabo mai faɗin ciki inci 3/16, tsawonsa ya kai ƙafa 8 zuwa 10, don gajeren tiyo shi ne ke sa giya ta fito da gudu ta zama kumfa. Gas ɗin CO2 ka sa matsinsa kan psi 10 zuwa 12 a agogon gas ɗin, sanyi kuma digiri 3 ko 4 na Celsius, sannan ka bar durom ɗin ya kwana ciki kafin ka taɓa, in ka jijjigo shi a mota ai dole ya yi kumfa.

Ka duba bakin da ake jona durom, giyar Amurka irin D take amfani da shi, Guinness kuwa U ne. Shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan gas ke zurarewa. Silindar gas ɗin ma akwai kwanan watan gwaji a wuyanta, in ta wuce shekara 5 ba gwaji masu cikawa ba za su karɓa ba.

Gyara na gaba, ƙaramar fanka mai tura sanyi sama wajen famfon, kofin farko zai daina ɓaci.