Ajiye Anderson da Broad a 2022: daidai ne?

Malam, ka tambaya ko ƙungiyar wasan kurket ta Ingila ta yi daidai da ta bar James Anderson da Stuart Broad, gogaggun masu jifan ƙwallonta, a gida lokacin da za ta je West Indies, a yankin Karibiyan, a 2022. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Kafin tafiyar, Ostireliya ta lallasa Ingila 4-0 a gasar kurket ta Ashes, amma masu dukan ƙwallo ne suka gaza, ko sau ɗaya ba su kai maki 300 ba. To ina laifin masu jifa? Can ma West Indies ɗin 1-0 aka ci su, Joe Root ya sauka daga kyaftin. Ben Stokes na karɓa ya dawo da dattawan biyu, suka doke New Zealand 3-0.