Fatawa: Kuɗin da Dillali Ya Ba Uba Don Ɗansa Ɗan Ƙwallon Kwando Ya Zaɓi Wata Jami'a a Amurka

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam. Ɗana yana ajin ƙarshe a wata sakandare a Amurka, ƙwallon kwando ce ta kai shi can. Yanzu jami'o'i uku na zawarcinsa, kowacce da tallafin karatu. Sai wani mutum da ya ce shi dillalin 'yan wasa ne ya kira ni, ya ce idan na shawo kan yaron ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, akwai daloli masu kauri da za a ba ni, kocin yaron na sakandare ma wai an riga an gama da shi. Sharaɗinsa biyu ne: kada a rubuta komai, kada kuma yaron ya sani. Har ya turo mini wani abu ya ce na goro ne, ban taɓa ba tukuna. 'Yan'uwana na cewa in ci abina, ai dokar Turawa ce ba ta Allah ba, kuma jami'o'in nan biliyoyi suke kwasa da gumin yara. Malam, kuɗin nan ya halatta gare ni?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, yadda ka siffanta kuɗin nan bai halatta gare ka ba. Wanda aka turo ka mayar, wanda aka yi maka alkawari kada ka jira shi. Amma ba zan rufe bakin 'yan'uwanka da kalma ɗaya ba, don akwai gaskiya a cikin maganarsu, kuma ya kamata a ba gaskiyar nan haƙƙinta kafin a nuna inda ta tsaya.

Ba su yi ƙarya ba game da kuɗi. Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ta sayar wa gidajen talabijin na CBS da Turner haƙƙin nuna gasar ƙwallon kwandon maza ta watan Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14 a 2010, aka kuma tsawaita cinikin a 2016 da ƙarin dala biliyan 8.8 har zuwa 2032. Manyan kociya albashinsu miliyoyin daloli ne a shekara. Yaran da ake biya a kalla kuwa, shekaru da dama doka ta hana su karɓar komai in ban da kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da 'yan abubuwan da suka biyo baya. Shari'a ba ta yabon irin wannan tsari. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum ukun da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi lada. Su kansu Amurkawan sun dawo daga rakiyar tsarin: a watan Yunin 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan NCAA, alƙalai tara baki ɗaya, daga 1 ga Yuli na shekarar kuma aka bar ɗalibai su samu kuɗi da sunansu da hotonsu a tallace-tallace. A watan Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Saboda haka ba na cewa haramun ne yaro ya ci gumin ƙwallonsa. Idan yana tsare sallarsa, yana rufe al'aura, kuma abin da zai tallata ba giya ba ne ko caca, ladan da aka yi yarjejeniya a kai a fili halal ne, ciniki ne bisa yardar juna kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta faɗa.

To amma duba naka. Kai ba ka jefa ƙwallo a raga, ba ka tallata takalmi. Me mutumin nan yake saye a wurinka? Shawararka yake saye. Yaro zai kira ka da dare ya ce, "Baba, wacce zan ɗauka?", yana zaton amsar da zai ji ta uba ce wanda ya auna karatu da tarbiyya da lafiyar ɗansa, alhali an riga an biya kuɗin amsar. Annabi (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Amana ba a kai ta kasuwa. Ko da a ce jami'ar da dillalin yake so ita ce mafi alheri ga yaron, kuɗin bai tsarkaka ba, domin faɗa wa ɗanka abin da ya fi masa alheri wajibinka ne tun asali, kuma ba a karɓar lada a ɓoye daga wani na gefe a kan wajibi. Idan kuwa ba ita ce mafi alherin ba, an haɗa ci da ha'inci. Sunan "goro" bai canza komai ba. Ibnul Lutbiyya ma kyauta ya kira nasa lokacin da ya dawo daga karɓar zakka, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Tambayi kanka irin wannan tambayar: da a ce ɗanka bai yi tsawo ba, bai iya wasa ba, wannan baƙon zai nemi lambarka?

Dillanci a kan kansa sana'a ce halattacciya. Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin la'adar dillali ba. Sai dai dillalin gaskiya an san wa yake wakilta, an san la'adarsa, mai kaya kuma ya yarda. A nan mai kayan shi ne yaron, kuma shi aka ce kada ya ji.

Kocin da aka ce "an gama da shi" lamarinsa ya ma fi fitowa fili. Rashawa ce, babu kwana-kwana, kuma hadisin Abdullahi ɗan Amru a Abu Dawuda da Tirmizi ya tabbatar da tsinuwa a kan mai bayarwa da mai karɓa. Irin wannan ce ta fashe ranar 26 ga Satumba 2017, lokacin da masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka tuhumi mutum goma bayan binciken hukumar FBI. Huɗu daga cikinsu mataimakan kociya ne a jami'o'in Auburn da Arizona da Oklahoma State da Kudancin Kalifoniya, laifinsu karɓar kuɗi don su tura yaran da ke hannunsu wurin wasu dillalai da masu juya dukiya. Dukansu huɗun sun amsa laifi, biyu sun yi zaman gidan yari na wata uku-uku. Wani babban jami'in kamfanin Adidas, James Gatto, wanda shi ma yana cikin mutum goman, an ɗaure shi wata tara.

Sai maganar "dokar Turawa ce". Gaskiya ne dokar NCAA ba wahayi ba ce, kuma wanda bai shiga ƙarƙashinta ba babu ruwansa da ita. Amma ɗanka zai shiga da ƙafarsa. Kafin ya buga wasa ko ɗaya sai ya yi rajista da cibiyar tantance 'yan wasa ta hukumar, ya amsa tambayoyi kan ko shi ko wani nasa ya karɓi wani abu daga dillali, ya kuma sa hannu a takardun jami'a. Daga nan magana ta tashi daga dokar wani ta koma alkawarin Musulmi. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai dai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Sharaɗin "kada ka karɓi kuɗin ɓoye" bai halatta wani haram ba, kuma ba irin haramta halal ɗin da hadisin yake nufi ba ne, don kowane ma'aikaci yana barin wasu halal ɗin saboda yarjejeniyar aikinsa. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayani tun da can cewa Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincinsu, bai halatta ya yaudare su ko ya ci dukiyarsu da ha'inci ba. Biza ita ce amincin wannan zamani. Idan ka ci kuɗin nan ka yi shiru, yaron zai sa hannu a kan abin da ba gaskiya ba, shi bai sani ba, kai ka sani, nauyin kuma a wuyanka yake.

Na san wani zai kawo maka hadisin "kai da dukiyarka na mahaifinka ne". Malaman da suka fi faɗaɗa ma'anarsa ma sun shar'anta kada uba ya cutar da ɗan. Ga cutar kuwa a bayyane. A shari'ar da na ambata, an yi wa iyalin Brian Bowen alkawarin dala 100,000 don ya shiga jami'ar Louisville. Abin da ya shiga hannun uban daga alkawarin bai kai dala 20,000 ba asiri ya tonu. Uban ya tsaya a kotu ya ba da shaida, kocin Louisville Rick Pitino ya rasa aikinsa, shi kuwa yaron bai buga wa wata jami'a wasa ko ɗaya ba, sai Ostareliya ya nufa. Wanda ya fi kama da naka shi ne Silvio De Sousa, ɗan Angola da ya buga wa jami'ar Kansas. Mariƙinsa ne aka samu ya karɓi dala 2,500, da maganar ƙarin dala 20,000. A farkon 2019 NCAA ta dakatar da yaron har kakar wasa biyu, sai da aka ɗaukaka ƙara aka rage. Kakar wasa guda ta tafi masa a banza saboda hannun wani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji Hausawa, amma a wannan harka tsuntsu daban, wanda ruwan ke duka daban.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ɓata mini rai a lamarin, wato yadda ake zartar da hukuncin. Jami'ar Oklahoma State ta kori mataimakin kocinta, ta ba da haɗin kai, amma aka hana ƙungiyarta shiga gasar 2022, yaran da suka sha hukuncin kuwa mafi yawansu suna sakandare lokacin da aka yi laifin. A gasar nan da aka hana su, Kansas ce ta ɗauki kofi, alhali tana da manyan tuhume-tuhume biyar a gaban NCAA. Da aka yanke nata hukuncin a watan Oktoban 2023, an soke mata wasu nasarorin 2018, an sa ta ƙarƙashin sa-ido na shekara uku, ba a hana ta gasa ba. Louisville a 2022 tarar dala 5,000 aka ci ta da wasu 'yan takunkumai. Wannan shi ne ciwon da Annabi (SAW) ya ambata ranar da Usama ɗan Zaidu ya zo ceton matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne idan mai daraja ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Mai hukunci da ma'auni biyu yana da zunubinsa. Amma zunubinsa ba ya zama hujjarka, kuma ko ta fuskar wayon duniya ka duba, a tsarin da ake lallaɓa mai ƙarfi, yaron da ya zo daga Afirka da bizar ɗalibi, babu lauya babu dangi a kusa, shi ne na ƙasan tsani.

Rangwamen da jumhurun malamai suka yi na bayar da abu don karɓo haƙƙin da azzalumi ya riƙe, ga mai bayarwa ne da aka matsa wa, zunubin kuma na kan mai karɓa. Kai a nan mai karɓa ne, babu kuma haƙƙinka da aka danne.

Abin da za ka yi: mayar da kuɗin ta hanyar da aka turo shi, ka ajiye shaidar turowa da ta mayarwa, da saƙonnin mutumin duka, kada ka goge ko ɗaya. Da ka riga ka ci, da sai ka tuba ka mayar da kwatankwacinsa. Sannan ka faɗa wa yaron komai, har da batun kocinsa, don ya san shawarar wa zai auna da hankali. Kowace jami'a a can tana da ofishin da ke kula da bin ƙa'idojin wasanni. Idan yaron ya zaɓi wadda ya zaɓa, a kai maganar can, gara su ji daga bakinku. Idan akwai kuɗin da za a biya shi, a zo da shi a rubuce da sunansa, lauya ya karanta. A tsarin da aka fara a 2025, cinikin talla da wani na waje da ya kai dala 600 sai an kai rahotonsa an tantance. Akwai kuma tarkon da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin samun kuɗi a cikin Amurka, don haka abin da ya halatta ga abokin wasansa ɗan ƙasa yana iya jawo wa naka matsalar zama. Kada ya sa hannu a komai sai lauyan shige-da-fice ya duba. Idan ya samu nasa ta wannan hanya ya ba ka, ka ci da daɗi, biyayyar ɗa ce ga mahaifi.

Ka kuma ja kunnensa kan 'yan caca. Tun badaƙalar 1951 da ta rutsa da 'yan wasan Kwalejin Birnin New York ake sayen yara su rage tazarar maki don masu caca su ci, kuma tun da Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofar cacar wasanni a 2018 kasuwar ta ƙara faɗi. Wannan ya tara caca da rashawa da cin amanar abokan wasa, babu saɓani kan haramcinsa. Mutumin da ya riƙe sirrin cewa uba ya ci kuɗinsa, ranar da ya zo wa ɗan da irin wannan buƙata, da wuya yaron ya iya ce masa a'a.

Allah ne mafi sani.