Filin Tambaya da Amsa: Osiloskof Ɗina Yana Nuna Siginar da Babu Ita

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran inbata ne da na'urorin cajin batir na hasken rana a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Na koyi aiki ne da tsohon osiloskof, na'urar nan mai zana siginar lantarki a allo, mai kwalba irin mai koren zare, amma kwanakin baya na sayi na zamani, na hannu, wanda aka rubuta 100 MHz da 1 GS/s a goshinsa, takardarsa kuma ta ce yana riƙe ɗigo 2,500. Na ɗora tsinken awo a ƙafar SG3525, guntun da ke tura tiransistocin wata inbata, inda na san siginar tana kusa da 20 kHz. Idan na sa lokaci a kan mikrosakan 10 a kowane gida cikin gidajen da aka zana a allon osiloskof ɗin sai in ga siginar sarai, amma idan na murɗa zuwa milisakan 25 sai wata sigina mai jan jiki ta fito, kusan 50 Hz, kamar ta kuran gida. Shin na'urar ce ta lalace, ko kuwa kuran ne ke kutsowa cikin allon inbatar? Sannan ina so in san yadda zan kama abin da ke faruwa daidai lokacin da firji ya tashi inbata ta ɗauke. Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, amin summa amin. Na'urarka lafiyarta lau, kuran gida kuma bai shigo ko'ina ba. Siginar nan ta 50 Hz babu ita a cikin inbatar, osiloskof ɗin ne ya haɗa ta daga ɗan abin da ya samu damar aunawa, kuma duk wanda ya taso daga mai kwalba zuwa na zamani sai ya ci karo da wannan ko ba jima ko ba daɗe.

Tsohon da ka saba da shi ya samo asali ne daga kwalbar da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897. A cikinta siginar ce da kanta ke ɗaga zaren haske sama ko ta saukar da shi ƙasa, ba tare da katsewa ba, shi ya sa idan sigina ta fi ƙarfin saurin da ka zaɓa sai ka ga allon ya cika da koren haske kawai, ka san cewa akwai abu mai sauri a wurin. Na zamani ba haka yake aiki ba. Sigina tana shigowa, a rage ta ko a ƙara mata ƙarfi daidai da abin da ka zaɓa a maɓallin bolt, sannan ta isa ga wani guntu da ake kira ADC, wanda aikinsa shi ne ya auna tsayin siginar a wani ɗan ƙanƙanin lokaci, ya mayar da shi lamba, ya dakata, ya sake aunawa. Lambobin nan ake jerawa a ma'ajiya, daga nan ƙaramar kwamfutar da ke ciki ta ɗebo su ta ɗiga a allo, ta ja layi tsakanin ɗigo da ɗigo. Abin da ya wuce tsakanin awo ɗaya da na gaba na'urar ba ta gan shi ba sam, layin da ke tsakaninsu ƙiyasi ne.

To, 1 GS/s ɗin da ke goshinta yana nufin tana iya yin awo biliyan ɗaya a sakan guda. Inda mutane ke shan ruwa shi ne ɗaukar cewa kullum a wannan saurin take aiki, alhali ma'ajiya ce ke yanke hukunci. Taka tana riƙe ɗigo 2,500 ne kacal, irin adadin da osiloskof ɗin Tektronix TDS 220 ke da shi, kuma dole waɗannan ɗigogi su wadaci allon daga hagu zuwa dama. A saurin biliyan ɗaya, ɗigo 2,500 suna ƙarewa cikin mikrosakan 2.5, wato sai ka sa lokaci a nanosakan 250 a kowane gida ko ƙasa da haka kafin ka ci moriyar lambar da ka biya kuɗinta. Da ka murɗa zuwa milisakan 25, gidaje goma na allon suka zama milisakan 250, sai na'urar ta raba ɗigo 2,500 a kan wannan tsawon lokaci, ta koma awo 10,000 kawai a sakan, ɗaya a kowane mikrosakan 100. Ba ta yi ƙara ba, ba ta kunna wata fitilar gargaɗi ba, ta dai rage saurinta har sau dubu ɗari.

Yanzu dubi abin da ya faru da siginarka. Mu ƙaddara ba 20,000 cif take ba, 20,050 ce, tunda rezista da kwandansan da ke saita SG3525 ba sa faɗawa daidai kan lamba. Tsakanin awo ɗaya da na biye, siginar ta yi zagaye biyu cikakku da ɗan ƙari kaɗan, kashi ɗaya cikin 200 na zagaye. Na'urar ba ta san da zagaye biyun ba, ɗan ƙarin nan kawai take gani yana taruwa, kuma sai ta yi awo 200 kafin ya cika zagaye ɗaya. Awo 200 a tazarar mikrosakan 100 ya ba da milisakan 20, wanda shi ne tsawon zagaye ɗaya na 50 Hz. Ka ga inda baƙuwar siginarka ta fito, kuma sa'a ce marar kyau ta sa ta faɗo daidai kan saurin wutar gida har ka zargi kuran. Idan kana so ka ga irin wannan da idonka, ɗauki bidiyon fanka tana gudu da wayarka: sau da yawa za ka ga fukafukanta suna tafiya a hankali, ko ma suna komawa baya, domin kamarar tana ɗaukar hoto wajen 30 ne a sakan, ba ta ganin abin da ke tsakani.

Dokar wannan al'amari tana ɗauke da sunan Harry Nyquist, wanda ya yi rubutu a kai a 1928, da Claude Shannon, wanda ya tabbatar da ita a 1949, dukansu ma'aikatan ɗakin binciken Bell a Amurka. Abin da ta ce shi ne, dole saurin awo ya haura ninki biyu na mafi saurin abin da ke cikin sigina, in ba haka ba sai abu mai sauri ya rikiɗa ya fito a siffar mai jinkiri. Ninki biyu kuwa iyakar lissafi ce. A kan teburin aiki, idan na'urar tana haɗa ɗigogi da lanƙwasasshen layi, wanda za ka ga an rubuta sin(x)/x, ana neman ninki biyu da rabi zuwa sama, idan kuma da miƙaƙƙen layi take haɗawa, gara ka ba ta ninki goma.

Gane siginar ƙarya ba shi da wuya idan mutum ya saba. Murɗa maɓallin lokaci gaba ko baya mataki ɗaya: siginar gaskiya za ta buɗe ko ta matse daidai gwargwado, lambar saurinta ba ta canza ba, ta ƙarya kuwa sai ta sauya kama gaba ɗaya ko ta ɓace. Sau da yawa ma za ka lura ta ƙi tsayawa cik a allo duk da na'urar ta nuna ta kama. Hanya mafi inganci ita ce ka shiga inda ake zaɓar salon awo ka kunna PEAK DETECT. A wannan salo ADC yana ci gaba da gudu da sauri, sai a ajiye mafi tsawo da mafi ƙasa na abin da ya gani a kowace tazara, don haka a milisakan 25 za ka ga faffaɗan ɗamara ta cika allon, kamar yadda mai kwalba ke nuna maka. Ni a ganina, duk mai na'ura mai ƙaramar ma'ajiya ya kamata ya bar ta a wannan salo muddin yana duba siginar da bai san abin da ke cikinta ba, ya kuma fara daga lokaci mai sauri ya riƙa sassautawa, maimakon ya faro daga mai jinkiri.

Wannan ne ya sa nake ba masu sayen osiloskof shawara su tambayi zurfin ma'ajiya kafin su tambayi komai, ko da yake mai sayarwa lambar goshi zai fara nuna musu. Rigol DS1054Z, alal misali, 50 MHz ce kawai, rabin taka, amma tana riƙe ɗigo miliyan 12, wanda a lissafi ya isa ta yi awo sama da miliyan 40 a sakan a kan waɗancan milisakan 250 ɗin. Ga mai gyaran inbata, wanda ke son ganin zagayen 50 Hz da saran 20 kHz da ke cikinsa a ɗauka ɗaya, wannan ya fi ƙarin MHz amfani nesa ba kusa ba.

Ita kuwa 100 MHz magana ce ta ƙofar shiga, kafin a kai ga ADC. A wannan saurin siginar da ta shigo ta riga ta rage zuwa kashi 70.7 cikin ɗari na tsayinta na gaskiya, shi ya sa ake son na'ura ta ninka abin da za a auna sau biyar. Kada ka ce ai 20 kHz ƙaramin abu ne a gabanta, domin abin da ke kashe tiransista yana gefen siginar ne, wurin tashi da faɗuwa, inda ake maganar nanosakan. Na'ura mai 100 MHz ba ta iya nuna tashin da ya fi nanosakan 3.5 sauri, kuma wannan ya wadatar da aikinka. Sai dai ka kula da tsayi: ADC na irin waɗannan na'urori bit 8 ne, wato matakai 256 daga ƙasan allo zuwa samansa, don haka siginar da ka bari a matse cikin gida ɗaya matakai kusan 30 kawai ta samu. Ka buɗe ta ta kusa cika allon kafin ka yarda da lambobin da na'urar ta rubuto.

Batun firji kuwa, a nan ne na zamani ya yi wa mai kwalba fintinkau. Na'urar ba ta jiran a ce mata ta fara. Kullum tana cikin awo tana zubawa a ma'ajiya, sabo yana ture mafi tsufa. Sashen da aka rubuta TRIGGER shi ne ke sa ido a kan sharaɗin da ka gindaya, idan ya cika sai a ƙarasa cika sauran ma'ajiyar a tsaya. Saboda haka hoton da za ka samu yana ɗauke da abin da ya faru kafin matsalar da abin da ya biyo bayanta, abin da tsohon osiloskof na yau da kullum ba ya iya yi, tunda shi sai sharaɗi ya cika zarensa ke fara tafiya. Ga yadda za ka yi: cire inbatar daga wutar gida, ka ɗora tsinke a kan tasoshin batir da ke jikin inbatar kanta, ka zaɓi DC, bolt 2 a kowane gida, lokaci milisakan 100. Ka sa sharaɗin a kan gefen faɗuwa, wajen bolt 11 idan tsarin na bolt 12 ne, alamar kamawa ta TRIGGER a tsakiyar allo, sannan ka danna SINGLE ka jona firjin. Injin firji yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci a tafiyarsa ta yau da kullum a daidai lokacin tashi, kuma za ka ga ramin da ya yi a layin, zurfinsa da tsawonsa. Ka maimaita awon a kan kawunan batirin kansa. Idan ramin ya yi zurfi a jikin inbata amma bai kai haka a kan batir ba, laifin na siririyar waya ne ko tasha mai tsatsa ko sako-sako. Idan duka biyun sun nitse tare, batirin ne ya gaji, abin da zafin watannin Afrilu da Mayu a Maradi ke gaggautawa. Kada ka bar na'urar a AUTO don wannan aiki, domin za ta share hoton kafin ka ɗago kai.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon lantarki, ina zaune a unguwar Zariya. Na maƙala ɗan bakin kada, wato ɗan maƙalin ƙarfe da ke jikin tsinken awo na osiloskof, a ƙafar babban kwandansa na wata caja da ke jone da wutar gida, sai ya yi tartsatsi ya ƙone. Me ya jawo haka?

Amsa: Ɗana, ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kan waya. Bakin kadan nan a haɗe yake da ƙarfen jikin osiloskof, shi kuma a haɗe da ƙafa ta uku ta fulogi, wadda ke zuwa ƙasa. Ƙafar kwandansan da ka ɗauka sifili ce ba sifili ba ce idan aka gwada ta da ƙasa, domin ta bayan diyod huɗu take haɗe da wutar gida kai tsaye, kuma bolt 220 na gida ƙololuwarsa tana kai wa bolt 311. Da ka maƙala, sai ka buɗe wa wutar gajeriyar hanya ta cikin tsinkenka. Wasu za su ce maka ka karye ƙafar ƙasa ta fulogin, ina roƙonka kada ka yi, domin daga nan duk ƙarfen jikin na'urar zai ɗauki wannan wuta yana jiran hannunka, kuma haɗarin ɗaya ne a shagon da ba a ja wayar ƙasa ba tun farko. Abin da ya dace shi ne tsinke na musamman mai auna bambanci tsakanin wurare biyu, wanda aka rubuta yawan bolt ɗin da yake ɗauka, ko kuma ka ciyar da cajar da kake gyarawa ta taransifoma mai raba ta da wutar gida, ka kuma yi aikin a gaban malaminka. Idan ka sayi sabon tsinke, sa shi a ×10, ka gaya wa na'urar haka a cikin saitinta, sannan ka maƙala shi a ƴar tashar gwaji ta 1 kHz da ke gabanta, ka juya ɗan sukurun da ke jikinsa har saman siginar ya kwanta sumul, bai yi ƙaho ba bai kuma lanƙwashe ba.